Karatun Iskar Taurari a Zauren Goni Mustapha

Duk unguwar Soron Ɗinki an san halin Goni Mustapha. Ba ya cewa e, ba ya cewa a'a, sai ya ji karatu. Idan ɗalibinsa ya zo neman izinin tafiya wani gari don ya koyar, ba ya tambayarsa ko ya sami masauki, ko wa zai ci da shi a can. Sai dai ya ce, "Ɗauko littafin da za ka koyar, ka biya mana." Mutum ya zauna a zaure gaban jama'a, wani ya ja masa baki, wato ya riƙa karanto nassin gaɓa gaɓa, shi kuma yana fassarawa da Hausa. In karatu ya zauna, Goni ya ɗaga hannu ya yi addu'a, an sallame ka ke nan. In bai zauna ba, sai ya ce a kawo shayi. Akwai waɗanda suka sha shayin nan har furfura ta fito musu ba su bar unguwar ba. Haka kakanninsa suka zo da abin daga Borno, shi kuwa bai ga abin gyarawa a ciki ba.

Zara, autarsa, ta ɗauka dokar ta ɗalibai ce kawai. Lokacin da ta tafi Jamus karatun digiri na uku bai ce mata komai ba sai fatan alheri, don Goni ba ya tare mai neman ilimi. Yanzu kuwa aiki aka kira ta a Japan, na shekaru, a wata cibiya mai lura da na'urar hangen nesa da aka harba sama. Mijinta Nazeer, can gidansu na Ƙofar Kabuga, tuni ya fara koyon cin shinkafa da biro biyu a madadin tsinkayen da mutanen Japan ke ci da su. Ita ce ta kafe cewa ba za ta taka jirgi ba sai da addu'ar mahaifinta, kuma da gaske take. Su kuma mutanen Japan suna jiran amsa kafin wata ya mutu.

Ta same shi bayan la'asar, ta durƙusa ta gaishe shi, ta zayyana masa komai. Ya saurara idonsa a rufe, har ta fara zaton barci ya ɗauke shi.

"Can ɗin, koyo za ki yi ko koyarwa?" in ji shi.

"Duka biyu, Baba."

"To, ɗauko littafin. Asabar da hantsi."

Ta shiga cikin gida. Mahaifiyarta, Hajiya 'Yardada, tana tsakar gida tana tsinke zogale, yayanta Abdulƙadir kuma ya dawo daga shagonsa na atamfa yana cin ɗumame a tsaye kamar wanda aka biyo. Da suka ji labari, Hajiya ta yi dariya har da tafa hannu.

"Ke ma an ɗaura miki ke nan. To ai ba wuya, ke da kika tsaya gaban Turawa."

"Wai me ke cikin littafin nan ne?" in ji Abdulƙadir. "Ni dai na ga kaurinsa ya kai bandir."

Zara ta gaya musu a taƙaice. Akwai manyan taurari da ke fesar da jikinsu cikin sarari, ana kiran abin iskar tauraro. Malamarta, wata dattijuwar farfesa, ta yi suna ne da auna yawan abin da wani tauraro ke zubarwa. Ita kuma Zara da ta sake aunawa ta wata hanya, sai ta tarar lissafin malamar ya ninka gaskiyar abin kusan sau uku. Zuciyar littafin digirinta ke nan, kuma dalilin da ya sa aka kira ta Japan ke nan.

Abdulƙadir ya ajiye kwano. "Tsaya. Kina nufin littafin gaba ɗaya cewa yake malamarki ta yi kuskure?"

"Ba haka aka rubuta ba, Yaya."

"Amma haka yake nufi."

"E, to."

Hajiya ta daina tsinkar zogale, ta yi salati. A gidan nan ba a ambatar sunan malamin Goni sai an haɗa da addu'a. Kuma kowa yana tune da wani maƙwabci da ya taɓa cewa nasa malamin ya yi kuskure a wata mas'ala. Goni ya daina amsa gaisuwarsa da fara'a har mutumin ya tashi daga unguwar.

"Shayi za ki sha," in ji Abdulƙadir. "Wallahi har da madara."

Shi ne ya kawo dabara, kuma kamar yawancin dabarunsa, a baki ta fi kyau. Tunda littafin da Turanci yake, kuma duk zauren ba mai jin Turanci sosai sai shi, shi zai ja baki. Idan an zo babin da ake maganar malama, sai ya haɗa shafukan ya juya gaba ɗaya. Baba ba ya jin Turanci, ta ina zai sani? Zara ta ce ba ta son haka. Hajiya ta ce ba ƙarya aka ce ta yi ba, shiru aka ce ta yi. Zara ta tuna na'urar nan da ta yi shekaru tana mafarkin zama kusa da masu sarrafa ta, ta tuna Nazeer da bironsa, sai ta ce to. Amma abin ya tsaya mata a rai.

Ranar Asabar zaure ya cika fiye da kullum, don labari ya zaga cewa 'yar Goni za ta biya taurari. Ɗaliban Goni ba yara ba ne, magidanta ne masu sana'a da ke zuwa ɗaukar karatu kafin su fita kasuwa. Na gaba gaba shi ne Malam Salihu mai wankin hula daga Koki, wanda ya fi kowa daɗewa a zauren, kuma ya fi kowa shan shayi. An shimfiɗa wa Zara tabarma a bakin ƙofar shiga gida, ta zauna ta gyara mayafi. Hajiya kuwa ta ce ba ruwanta, tana da aiki, amma ana ganin yatsun ƙafarta ta ƙarƙashin labule.

Goni ya yi bismilla ya ce a fara. Abdulƙadir ya yi gyaran murya ya karanto layin farko da irin muryar masu jan baƙin tafsiri, har da ja a ƙarshe. Turancin ya sha wuya a bakinsa, amma ya fita da rai.

Zara ta fassara. "Akwai taurarin da suka fi rana nauyi ninki goma, wasu ninki hamsin."

"Na'am," in ji Malam Salihu.

"Saboda tsananin zafinsu, haskensu shuɗi ne."

"Na'am."

"Irin waɗannan ba sa riƙe jikinsu. Kullum suna fesar da shi waje, da gudun da zai kai mutum daga nan Makka kafin ya gama atishawa."

Wannan karon na'am ɗin ta maƙale. Malam Salihu ya ce, "Ikon Allah! Ba biza?" Aka yi dariya, Goni ya ɗaga yatsa, aka yi tsit.

"Shi wannan da kika yi wa littafi, yaya sunansa?"

"Ba shi da suna, Baba. Lamba gare shi."

"Babba kamar wannan, ba a yanka masa rago ba. To, ci gaba. Ita iskar, kin gan ta da idonki?"

Nan Zara ta ji ƙafarta ta taka ƙasa, don tambayar da take so ke nan. Ta ce ba a ganinta da ido. Amma iskar ba ta tafiya salin alin. Wani sashe yana fin wani sauri, na baya ya cim ma na gaba su yi karo, wurin ya ɗauki zafin da ba ya misaltuwa. Daga wannan zafi ne wani haske ke fita wanda ido ba ya gani, irin wanda ake ɗaukar hoton ƙirji da shi a asibiti, wato eksire. Shi kuma ba ya iya ratso iskar duniyarmu, shi ya sa ake harba na'ura can sama ta tsaya tana tare shi. Kuma ba ya zuwa da yawa, ɗigo ɗigo yake isowa, sai a yi ta tarawa ana haƙuri.

"Shaidu ke nan," in ji Goni. "Suna zuwa ɗaya bayan ɗaya. To me suke shaidawa?"

"Baba, waɗanda ba su iso ba sun fi ba mu labari."

Goni ya buɗe ido sosai. Ta yi bayani a hankali. Hasken da ya taso daga gefen tauraron da ke fuskantarmu yana isowa lafiya. Wanda ya taso daga bayansa kuwa dole ya ratsa iskar gaba ɗaya, sai ta shanye shi a hanya. Kowanne kuma da alamarsa, ana gane na gaba, ana gane na baya. Idan aka ga na baya sun yi ƙaranci ƙwarai, an san iskar tana da kauri. Idan da yawansu sun tsira, to ba ta kai yadda ake zato ba.

Malam Salihu ya buga cinya. "Allah gafarta Malam, ai na gane! Kamar a yi walima a gidan nan ne. Mu mutanen Koki da ke kusa mu cika zaure, na Kabuga da ke nesa ba ko ɗaya. Ba sai ka fita titi ba, ka san cunkoso ya riƙe su."

"Haka ne, Malam Salihu," in ji Zara, ta ji daɗi har cikin ranta. Ta yi wa ɗalibai wannan bayani a jami'a ba sau ɗaya ba, ba wanda ya kama shi da sauri haka.

Karatu ya miƙa. Har wani mai sayar da turare ya manta da shagonsa. Aka zo inda littafin ya kawo lissafin farfesa, ya yabe shi yadda ya kamata, sannan ya yi tambaya: to idan aka duba da wannan haske, me za a samu? Zara ta fassara tambayar. Abdulƙadir ya lashi yatsa, ya kamo shafuka masu kauri kamar yana ƙirga yadi, ya juya su gaba ɗaya, ya ci gaba da ja da ƙarfin hali. Zara ta sunkuyar da kai ta ce, "Abin da ya rage nan gaba shi ne a duba wasu taurarin."

"Na'am," in ji Malam Salihu.

"Tsaya," in ji Goni.

Bai ɗaga murya ba. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana sauraron masu tilawa, yana kama wanda ya tsallake aya ko da yana gyangyaɗi, shi suka zaɓa su yi wa tsallake. Sai a lokacin Zara ta ga girman wautar, ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

"An yi tambaya, ba a ba da amsa ba. An kira shaidu, sun taru, sai aka tashi kotu. Abdulƙadir, ina tsakiyar karatun?"

"Allah gafarta Malam, shafukan ne suka manne."

"To ɓamɓare su."

Yatsun ƙafar da ke ƙarƙashin labule suka ja baya. Abdulƙadir ya shiga ɓamɓarar shafukan da ba su manne ba, gumi yana tsattsafo masa. Zara ta ga in ta bari ya ci gaba, abin zai ƙara muni. Ta ce a ranta in shayi ne a kawo, ta gaji.

"Baba, ba mannewa suka yi ba. Da sanina aka tsallake. Abin da ke wurin shi ne, shaidun baya sun iso da yawa. Iskar ba ta kai kaurin da malamata ta ce ba. Lissafinta ya yi yawa, kusan ninki uku. Ni na gano, kuma ni na rubuta."

Malam Salihu ya buɗe baki zai ce na'am, ya fasa, ya mayar da ita ciki. Goni ya dubi 'yarsa.

"Tana raye, malamar?"

"Tana raye."

"A ina kika faɗa mata?"

"A ofishinta. Mu biyu, na rufe ƙofa."

"Da hujja a hannunki?"

"Da hujja. Na ce ta duba mini, wataƙila ni ce na ɓata."

"Sai ta ce me?"

Zara ta ɗan yi murmushi duk da halin da take ciki. Ta ce tsohuwar ta yi kwanaki ba ta ko kallon inda take. Ashe sake lissafin take yi da hannunta tun daga farko. Rannan sai ga ta da wani kek da ta gasa da kanta, mai tauri kamar tubali, ta ajiye a teburin Zara, ta ce a buga aikin, kuma sunan Zara ne zai zo gaba da nata.

"Kin ci kek ɗin?"

"Na ci, Baba. Duka."

"Madalla. Wannan shi ne ladabi." Ya juya wajen ɗalibansa. "Idan ɗayanmu ya rubuta Alƙur'ani da hannunsa, wa yake ba wa ya duba masa? Ba ku ba? Ɗalibin da ya ga ɗigo ya faɗi a rubutun malaminsa ya yi shiru, ba kunya ya ji ba, cin amana ya yi. Na san abin da ya ba ku tsoro, kun tuna maƙwabcinmu na da. Shi a kasuwa ya faɗi tasa, bayan an binne malamin, kuma ba littafi a hannunsa." Sai ya dubi Abdulƙadir. "Kai kuma, Allah ya sa ba haka kake auna wa mutane yadi ba."

Dariya ta ɓarke, har da ta bayan labule. Aka koma aka biya babin da aka tsallake tun daga kansa, Abdulƙadir yana ja a hankali kamar mai tafiya a kan ƙaya. Zara ta ji nauyi ya sauka daga kanta. Ta fara satar kallon hannuwan mahaifinta, tana jiran su tashi.

Ba su tashi ba. Littafi ya ƙare, aka rufe, Goni yana zaune yana murza carbi. Wani daga baya ya leƙa wajen butar shayi.

"Saura tambaya ɗaya," in ji shi. "Kin ce kullum yana zubar da jikinsa. Wa yake fizgar masa? Wani tauraron ne yake janyewa?"

"A'a, Baba. Ba kowa. Haskensa ne."

"Haskensa."

"Hasken ne ya yi yawa. Shi yake tura abin da ke jikinsa waje. Ƙananan taurari ba su cika yin haka ba, nasu yana nan tare da su. Gwargwadon hasken tauraro, gwargwadon abin da yake rabuwa da shi."

Ta faɗe shi ne yadda ta saba faɗa a aji. Sai da ta ga fuskarsa sannan ta ji abin da ta ce. Zauren nan ya yaye mutane da yawa. Wasu suna Gombe, wasu suna Agadas, wasu sun rasu a garuruwan da bai taɓa zuwa ba, kuma duk shi ya ɗaga hannu ya sallame su. Ita kanta a kan cinyarsa ta koyi harafin farko, shi ya hana a cire ta daga makaranta lokacin da dangi suka ce karatun ya isa haka. Ta dube shi ta ga ya tsufa ƙwarai, abin da ta daɗe tana kauce wa gani. Tausayinsa ya kama ta, har ta ji in ya ce a kawo shayi ba za ta yi jayayya ba.

"To ba laifin kowa ba ne," in ji Goni a hankali. "Abin da ya tafi ɗin, yana dawowa?"

Ta so ta ce e. Amma yanzun nan aka gama maganar tsallake.

"Ba ya dawowa, Baba."

Ya gyaɗa kai. "To a nan kika bambanta da shi. Ke ki riƙa dawowa."

Ya ajiye carbi ya ɗaga hannu, zaure gaba ɗaya ya ɗaga. Ya fara addu'ar da ya saba yi wa masu tafiya, Allah ya tsare hanya, ya sa a amfana da ita, ya haɗa ta da mutanen kirki. Da ya zo inda zai ambaci sunanta, muryarsa ta karye. Ba wanda ya ɗaga kai. Malam Salihu ya shiga jera amin da ƙarfi, ɗaya bayan ɗaya, bai tsaya ba sai da tsohon ya sami muryarsa ya ƙarasa.